Daminar da Muka Ci Tuwo da Hagu

Warin aidin ne ya tono mini wannan labari. Kwanakin baya na kai jikata wani kemis a nan Dorayi, ta faɗi a bakin kwata ta ɗaye gwiwa. Mai shagon ya buɗe 'yar kwalba ya ɗiga a auduga, kafin ma audugar ta kai ga ƙafar yarinyar, ni hankalina ya bar wurin. Ina riƙe da ita tana tsala ihu, amma zuciyata tana can Dakata, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya, inda wannan wari ya taɓa zama tare da mu har ya kama labule da tabarma da kayan makarantarmu.

A lokacin ina aji huɗu a firamare. Gidan haya muke, irin mai dogon tsakar gida, ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya, madafi ɗaya. Mai gidan wani dattijo ne malami, yana zaune da iyalinsa a sashen gaba, bayan la'asar kuma magidanta su taru a soro yana yi musu karatu. Sauranmu duk neman abinci ne ya kawo iyayenmu birni. Akwai mutumin Damagaram mai aiki a majema can Challawa, wanda ko wanka nawa ya yi sai ka ji warin fata a jikinsa. Akwai wani ɗan wajen Ringim mai aikin roba a Sharada, shi ya cika mana gida da butoci masu ɗan karkataccen baki. Babanmu kuwa a masaƙa yake, nan Bompai, tafiyar keke ce.

Wanda bai zauna kusa da Bompai a waɗannan shekaru ba, da wuya ya gane yadda jiniyar kamfani take juya unguwa guda. Ba ma neman agogo. In ta yi kukan safe sai titi ya cika da kekuna, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a baya. In ta yi na yamma, mata sun san lokacin kwashe tuwo ya yi. Iska ma da labarinta take zuwa: yau ƙanshin alewa, gobe na sabulu, wata rana na gyaɗar da ake matsa.

Baba mutum ne mai fara'a da barkwanci. Yakan dawo da burbushin auduga fari fat a girarsa da gemunsa, kamar wanda ya tsufa a wuni ɗaya. Sai ya jingine keke, ya shigo a duƙe yana tari irin na tsofaffi, yana tambaya ko nan ne gidan da ake ba baƙo ruwa. Kullum wasan ɗaya ne, kullum kuma sai mun yi dariya kamar yau muka fara gani. Ƙarar injuna ta sa bai iya magana a hankali ba; ko sirri zai gaya wa Inna sai maƙwabta sun ji. Mu biyar ne, ni ce babba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Cikin bazara abin ya faru, lokacin da rana take hana kowa taka ƙasa ba takalmi. Na dawo daga makaranta ke nan, sai ga abokin aikin Baba ya yi sallama yana ture da kekuna biyu, nasa da na Baba, kwanon abincin yana nan ɗaure ba a ko buɗe shi ba. Inna ta dubi keken, ta dubi mutumin, sai kawai ta zauna a ƙasa. Shi kuma ya yi ta maimaita magana ɗaya.

"Yana da rai. Wallahi yana da rai. Hannu ne kawai."

Injin saƙa ne ya kama masa hannun dama. A asibiti an ceto hannun, amma yatsu uku na tsakiya sun tafi, sai babba da ƙarami suka rage. Ranar da aka sallamo shi muka share ɗaki, muka yayyafa ruwa a tsakar gida, muna zaton wahala ta ƙare. Ashe lokacin ta fara.

Mutumin da aka dawo mana da shi ba mu san shi ba. Ya kwanta ya juya fuska bango, ya tura hannun ƙarƙashin mayafi. In an gaishe shi ya gyaɗa kai. Salla ma a zaune yake yi, ya koma ya kwanta. Inna, saboda tsananin tausayinsa, ta kafa mana doka: ba gudu, ba dariya, ba gaɗa, rediyo ta naɗe shi a zane ta cusa ƙarƙashin gado. Matan gidan su ma suka bi. Mai daka ta ɗauki turminta ta kai maƙwabta, mai goyo ta fita waje in ɗanta ya fara kuka. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, ya koma ana jin ɗigar famfo daga soro.

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba, Allah ya saka musu da alheri, don da zuciya ɗaya suke zuwa. Sai dai kowa da fuskar makoki yake shigowa. Su zauna su yi shiru, su yi ajiyar zuciya, daga nan wani ya ɗauko labarin wani da inji ya cinye wa hannu har kafaɗa, wani ya kawo na wanda ciwonsa ya ruɓe. Nufinsu Baba ya ga nasa da sauƙi. Ni kuwa ina lura, duk ranar da aka yi irin wannan zama sai ya ƙara matsawa jikin bango.

Ni ce mai kai masa abinci. In ajiye langa a gefensa in ce, "Baba, ku tashi ku ci." Ya ce to. In dawo in tarar da murfin yadda na bar shi. Inna ta gwada ba shi a baki, ya kawar da kai. Sai dai ɗan koko da yake kurɓa in ba kowa a ɗakin. Tun ina ɗaukar langar da nauyinta ina mayarwa madafi ba na jin komai, har ya zama ina tsoron in ɗaga in ji nauyin nan. Wuyansa ya zama siriri, idanunsa suka faɗa. Barci kuma ba ya yi, Inna ce take faɗa wa matan gida a raɗa.

Akwai wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti da yake biyowa da yamma in ya taso, ya wanke ciwon ya sake bandeji. Ni nake riƙe masa kwanon ruwan zafi. Wata rana da ya gama, ya tsaya da Inna a bakin ƙofa, bai damu da ina wurin ba.

"Maganin da nake sa masa mai kyau ne, allura ma ba a fasa ba. Amma naman ba ya tasowa. Mutum ba ya ci, ba ya barci, da me jiki zai yi gyara? In aka ci gaba a haka sai an mayar da shi, kuma ina tsoron kada su ce sai an ƙara yankewa."

Washegari Inna ta je tasha ta ba wani direba ɗan garinmu saƙon baka zuwa ƙauye, can wajen Gumel, cewa a zo, jikin ya ƙi. Yayan Baba muke tsammani, ko wani cikin dattawan gida. Amma ruwan farko ya sauka, maza duk suna gona wajen shuka. Sai suka turo Goggo.

Goggon nan 'yar kawun Baba ce, wato taubashiyarsa, ta ɗan girme shi, kuma a gida ɗaya suka tashi. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take ce masa bawanta. Gajera ce mai faɗi, mai murya kamar ta maza. Ta iso da hantsi, an yi yayyafi ƙasa tana ƙanshi, da ƙwarya a ka cike da gero da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ga kaza a hammata. A lokacin akwai masu dubiya a ɗaki sun yi jugum. Tun daga soro muka ji ta.

"Ina bawan nawa? An ce mini ya samu dalilin kwanciya ya bar aiki!"

Inna ta fito da sauri ta tare ta. "Yaya, sannu da hanya. A hankali don Allah, ba ya son hayaniya."

"Shi ya gaya miki?"

Gaskiya kuwa bai gaya mata ba. Bai gaya wa kowa komai ba.

Goggo ta dire ƙwarya, ta miƙa mini kazar, ta shiga. Ta yaye labule, ta banke tagar da aka daɗe ba a buɗe ba, haske ya faɗo har kan gado. Ta gaisa da baƙi sama-sama, ta zauna a bakin gadon har ya yi ƙara. Ta ce ya miƙo hannun ta gani. Bai motsa ba. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta jawo shi da kanta, a hankali, ta ɗora a cinyarta tana duban bandejin.

"Uhm. Na tsakiyan nan uku ne? Ai na san su. Su ne masu shiga tukunyar ƙuli-ƙulin innata. Ashe inji ma ya san ɓarawo."

Wani cikin baƙin ya ce subhanallahi ƙasa-ƙasa. Inna ta dafe ƙirji. Ni kuwa ina tsaye da kaza a hannu, ina jin bugun zuciyarta da tawa. Can sai muka ji wata murya a dishe, daga jikin bango.

"Ƙarya kike. Ke kike ɗauka. Ni gadi kawai nake yi."

"Gadi? Wane irin mai gadi ne kumatunsa a cike?"

Sai kafaɗun Baba suka fara girgiza. Ba mu san ko kuka yake ko dariya ba, har ya juyo, muka ga ashe duka biyun ne. Hawaye na zuba, haƙora a waje. Rabona da ganin haƙoran Baba tun safiyar da ya fita da keke.

Baƙi suka yi sallama suka fita suna kallon juna. Jim kaɗan Goggo ta ce za ta zaga. Na bi ta da buta, sai na same ta a bayan madafi, ta dafa bango, ta cusa bakin mayafi a baki tana kuka ba sauti. Da ta gan ni ta jawo ni jikinta.

"Kin ga yadda ya koma? Ƙashi da fata. Kada ki kuskura ki gaya masa na yi kuka. Masu kuka sun ishe shi."

Ta wanke fuska da ruwan butar, ta fyace hanci, ta koma ɗaki tana tambayarsa da ƙarfi ko har yanzu yana tsoron jaki.

Amma dariya ɗaya ba ta sa ya ci abinci ba. Ranar ma langa da nauyinta na mayar. Goggo ta zauna ta zuba ido har ta ga an kai an dawo da ita ya fi sau ɗaya. Sannan ta kira ni ta tambaye ni yadda ake yi. Na ce ina ajiyewa in tsaya, Inna kuma takan ce ya kawo ta ba shi. Ta jinjina kai.

"Ba yunwa ce ba ya ji ba. Kunya ce. Ba ya so a ba shi a baki kamar jariri, ba ya kuma so 'ya'yansa su gan shi yana ci da hagu."

Da la'asar sakaliya, bayan an ɗauke ruwa, gari ya yi sanyi, ta tuƙa tuwon gero ta kaɗa miyar kuɓewa, irin mai yauƙin da in ka ɗaga sai ta bi ka har sama. Ta sa mutumin Damagaram ya kama Baba suka fito da shi tsakar gida, yana cewa a bar shi, tana cewa bawa ba ya zaɓen wurin zama. Aka jingina shi da bango a kan tabarma. Ta juye tuwon a babban akushi ɗaya, ta tara mu biyar ɗin. Sai ta kwaso ɗankwalayen Inna, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana naɗe mana hannun dama, ta ba ni nata na naɗe mata.

Nan Inna ta kasa haƙuri. "Haba Yaya. Yara da hagu? Abin da muke dukansu a kai?"

Goggo ta ce to a tambayi Malam. Inna kuwa ta tafi da gaske. Sai ga dattijon ya leƙo daga ƙofar sashensa, ya dube mu da naɗaɗɗun hannuwa, ya dubi Baba. Na ga gemunsa yana motsi.

"Shi dai lalura ce, babu laifi a kansa ko kaɗan. Da ya tambaye ni da tuni na gaya masa. Yaran kuwa, na yau kaɗai, ni ban ga komai ba."

Ya juya ya koma ciki.

In ba ka taɓa cin miyar kuɓewa da hagu ba, ba zan iya kwatanta maka ba. Loma ta ƙi mulmuluwa. In ta mulmulu ta ƙi ɗaukar miya. In ta ɗauka, kafin ta kai baki ta sulale ta gwiwar hannu. Ƙanina mai bi mini ya kai tasa kunne. Autarmu ta gaji ta kifa fuska cikin akushin. Goggo kuwa ta yanko wata ƙatuwar loma tana cika baki cewa mu kalli gwanaye, sai lomar ta kuɓuce ta faɗi ƙasa, kazar da ta kawo da kanta ta fizge ta ruga. Ta tashi da naɗaɗɗen hannu tana bin kaza tana yi mata Allah ya isa. Matan gida duk suka fito. Dariyar da aka daɗe ana dannewa a gidan ta ɓalle gaba ɗaya, har mutumin Damagaram ya zauna a bakin famfo yana riƙe ciki.

Ina cikin share hawayen dariya sai na ji muryar Baba, irin tasa ta da, mai cika gida.

"Kai, ku matsa! Ba haka ake yi ba. Uwata, matso da akushin nan."

Ashe shi da ya yi shekaru yana aiki da hannu biyu a bakin inji, hagunsa ya fi namu iyawa nesa. Ya yanki tuwo ya mulmula tsaf, ya dangwali miya, ya murɗa hannu ya yanke yauƙin, ya kai baki ko ɗigo bai zuba ba. Ya ce mu kalla da kyau, ya sake yi. Ya kuma sake. Na tsaya na zuba masa ido, Goggo ta mintsine ni a cinya, na gane, na mayar da kaina kan tuwo. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya ce madalla. Inna tana tsaye a ƙofar madafi ta rufe baki da mayafi, sai ta juya ta shiga, ta fito da ƙarin malmala ta ajiye a akushin. Washegari na ji tana gaya wa matar Malam cewa ya yi barci har da minshari, ita kuma ciwon kan da ya addabe ta tun bazara ta tashi ba ta ji shi ba.

Daga nan gida ya fara dawowa. Turmi ya dawo, rediyo ya fito daga ƙarƙashin gado. Goggo ta hana a rufe taga. Masu dubiya in sun zo a tsakar gida suke samunsa, kuma duk wanda ya ɗauko labarin asibiti sai ta katse shi da tambayar yadda shuka ta yi a garinsu.

Kada ka zaci abin ya tafi a miƙe. Wata rana abokin aikinsa ya zo, cikin hira ya saki baki cewa an sa wani a kan injin Baba. Ina ganin lokacin da fuskarsa ta canza. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya koma jikin bangonsa. Na ruga wajen Goggo ina zaton za ta je ta tsokane shi. Ba ta yi ba. Ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da gadon tana tsince gero a faifai, ba ta ce masa komai ba har aka kira magariba. Daga baya ta gaya mini wasa ma da lokacinsa, akwai ranar da abin da mutum yake so kawai shi ne ya ji motsin wani kusa da shi. Da safe kuma ta aike ni gidan abokin, ta ce in gaya masa ranar hutu su zo su da yawa, amma ba dubiya ba, dara za a yi.

Suka zo. Aka haƙa gurabe a gindin darbejiyar ƙofar gida, ƙasa da damshi, aka kakkaryo tsinke. Baba ya fito da ƙyar, wai kallo kawai zai yi. Bai jima ba ya fara gyara wa wani wasa, daga nan ya ture shi ya zauna. Tun daga cikin gida muke jin ihunsu. A wurin ne kuma suka gaya masa sun je sun ga manya a kan maganarsa, an ce in ya warke ya zo, akwai aikin duba yadi, wanda ido yake so ba yatsu ba. Wannan labari sun daɗe da shi, amma duk zuwan da suke yi, nauyin ɗakin yake hana su faɗa, suna tsoron kada ya ji kamar an rage masa daraja.

Gero ya kai gwiwa a 'yan gonakin bayan unguwa lokacin da ma'aikacin asibitin ya kwance bandeji wata yamma, ya daɗe yana dubawa, ya juya hannun ya sake juyawa. Wurin da a da yake fari yana tsatsar ruwa ya yi ja, bakin ciwon ya matso ya kusa haɗewa. Inna ta tambaye shi ko sabon magani ya samo.

"Wallahi wanda nake sawa tun farko ne. Shi ne dai ya canza. Maganar komawa asibiti kuma ku manta da ita."

Inna ta zauna a bakin gado ta yi ta alhamdu lillahi. Ni kuwa na dire kwanon ruwan zafin na zauna kusa da ita. Ban san jikina a ɗaure yake tun bazara ba sai a lokacin da na ji ya saki.

Ranar da na tabbata Baba ya dawo mana, wani baƙo ne ya zo wajen Malam, suka gaisa da Baba a soro, ya tambaye shi yara nawa Allah ya ba shi. Baba ya ɗaga hannun dama, wanda a da yake ɓoyewa, ya buɗe shi a gaban mutumin.

"Biyar ne. In ka ga biyu, laifin inji ne."

Baƙon ya rasa yadda zai yi da fuskarsa, Malam kuwa dariya har da tari.

Kafin a fara yankan gero Goggo ta ɗaure ƙwaryarta. Baba da kansa ya ɗora kayanta a keke ya tura har tasha, ni ina biye. Duk hanya faɗa suke a kan wanda ya fi wani tsoron jaki. Da mota za ta tashi ya tsaya jikin taga, ya buɗe baki zai yi godiya. Ta harare shi ta ce kada ya soma, bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa kuka a tasha. Ya koma aiki ba da daɗewa ba. Ya koyi riƙe cokali tsakanin yatsunsa biyu, ya ci gaba da ci da dama, ya kuma rayu har ya ga 'ya'yana.

Na girma na ji likitoci suna cewa damuwa tana hana ciwo warkewa, kwanciyar rai kuma tana taimakon jiki. Ban yi musu ba, don na gani da idona. Ba na cewa dariya ce ta maye gurbin magani. Ba don allura da wankin ciwon nan ba, da ba a kai ga dariyar ba. Ba kuma na ganin laifin Inna, shirun da ta kafa ƙauna ce tsantsa. Sai dai mu duka mun tsaya muna jinyar hannu, Goggo ce kaɗai ta zo ta yi jinyar mutumin.

Yanzu Baba da Inna da Goggo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yawancin masaƙun sun rufe, in ka bi ta wasu titunan Bompai sai dogayen katangu da ciyawa. Dubiya ma ta koma ta waya, a turo maka addu'a da hoton fure. 'Ya'yana sun san 'ya'yan kawunsu, suna gaisawa cikin ladabi, amma ban taɓa jin ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ni ma ban fi su ba. Da aka ce ina da hawan jini, likita ya ce in rage tunani, na dawo gida ina tunanin yadda ake rage tunani. A nan na tuna ina da taubashi a Zawaciki, ɗan kawuna, wanda shekaru ke nan ba ma haɗuwa sai wajen ta'aziyya, mu gaisa kamar baƙi. Na nemo lambarsa na kira, ina shirya gaisuwar girma. Ko sallamata bai bari na ƙarasa ba.

"Wa nake ji kamar baiwata? Wa ya ba ki izinin riƙe waya?"

Na yi dariya har surukata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya ce ranar Juma'a yana nan tafe, in tanadar masa nama. Na ce ya zo, amma ya biya ya ari haƙora a hanya.